Kada Ka Bar Gyara

Daga Allah muke, kuma Kawu ya riga mu komawa gare Shi. An sallace shi a Harami bayan La'asar, muka ɗauke shi zuwa maƙabartar Baƙi'a da saurin nan na mutanen Madina, wanda in ka tsaya ɗaure takalmi sai ka tarar an gama. Ga wanda bai sani ba, a Baƙi'a ba a rubuta sunan kowa. Dutse ake dasawa wajen kai, shi ke nan. Yau in ka ce in nuna maka kabarin Kawu, sai dai in nuna maka yanki da hannu. Wannan bai ɓata mini rai ba, haka aka yi wa waɗanda suka fi shi. Abin da ya ɓata mini rai, har na ɗauki biro ni da karatuna bai wuce allo da firamare ba, shi ne mutumin nan kalma ɗaya tak ya bari wasiyya, kuma saura kaɗan mu binne ta tare da shi. Ina cikin masu laifi, zan kuma faɗi nawa in an zo wurin.

A zaman makoki zuciyata ta fara tafasa. An jera kujeru a lungunsu na Harra ta Gabas, an ja wayar fitilu daga wannan gida zuwa wancan, ana zagayawa da gahawa. 'Ya'yansa maza suna tsaye a jere cikin fararen kaya, mutane suna wucewa suna dafa musu kafaɗa, suna "azzamallahu ajrakum". Wani maƙwabci Balarabe ya riƙe hannuna ya ce, "Allah ya jiƙan Ammi Siriya." Wato Baffa Siriya. Da zuciya ɗaya ya faɗa, har da ƙwalla a idonsa. Amma na rantse da Kawu yana ji, da ya ja tsaki a cikin likkafaninsa. Shekara da shekaru yana yaƙi da kalmar nan, ga shi ranar da ya mutu an mayar da ita sunansa.

Can kuma na ji wani daga cikin abokan aikin babban ɗansa yana tambayar sana'ar marigayi. Babban ɗan, wanda yake taubashina tunda Kawu yayan mahaifiyata ne, ya ce masa da Larabci, "Mai gidan abinci ne." Gidan abinci! Shagon da in mutum uku suka shiga, sai na huɗu ya tsaya a titi. Mai tsire ne, jama'a. Da tsire ya ciyar da su, da tsire suka yi karatun da suke zaune a ofis da shi. Mene ne abin kunya a ciki?

Abin da ya fi ci mini rai yana ƙarshen lungu, inda hasken fitilun bai kai ba. Mutane ne a tsaye, sun fi na kan kujeru yawa. Masu shara, masu dako, masu wankin mota, ma'aikatan gonakin dabino na Al-Ranuna, kowa da kayan aikinsa a jiki, don daga wurin aiki suka zarce. Ba wanda ya ce musu ga wuri. Mai gahawa yana kaiwa kujerar ƙarshe sai ya juyo. A cikinsu akwai wani tsoho mutumin Tawa, mai share gaban rumfunan 'yan tsaraba a Uhudu. Ya kama rigata ya ce, "Ɗan ƙanwar Malam, yanzu wa zai juya mana baya?"

Wanda bai san Kawu ba zai ɗauka zagi ne. Yabo ne, kuma duk cikin makokin nan ba wanda ya yabe shi daidai sai tsohon nan. Zan zo kan dalilin.

Kawu yana yaro mahaifinsu ya taho da shi a ƙasa, ta Chadi da Sudan, aka bar mahaifiyata a Kano wajen uwarta. A nan ya girma, a nan ya samu takardar zama ɗan ƙasa, a nan ya auri matarsa da muke kira Inna. Ni kuwa a farkon shekarun casa'in na zo da iƙama, wato takardar izinin zama, ina tuƙa motar da ke kai maziyarta Uhudu da Ƙuba. Ranar da na fara sallama a shagonsa na ce ni ɗan ƙanwarsa ne, bai rungume ni ba. Ya nuna tsinken da ke hannunsa ya ce, "Mene ne wannan?"

Na ce, "Tsire."

Ya ce, "To shigo. Kai ne."

Tukubarsa da hannunsa ya gina ta, da baƙaƙen duwatsun harra, na aman wuta, da yumɓu. Yana cewa dutsen harra wuta ce ta haife shi, don haka ba ya tsoron wuta, ba ya tsagewa. Tsinkayensa daga reshen dabino yake fere su da hantsi, yana zaune a bakin ƙofa. Bayan La'asar sai ya kakkafa su su zagaye garwashi, kowane da ɗan karkacensa, kafin Magariba ƙamshin ƙuli da yaji ya kai bakin babban titi. Akwai wani mutumin Maraɗi da ke taya shi yanka da shafa ƙuli, sun daɗe tare har sun daina yi wa juna magana sai da ido.

Kowane abu da ke kan faifansa yana da suna, kuma ba ka isa ka nuna da yatsa ka ce "wancan" ba. Akwai mai ƙuli, shi ne tsiren gaske. Akwai hanta mai riga, wato wadda aka naɗe da kitse. Akwai ƙoda, akwai tumbi, akwai balangu ga wanda ba ya son tsinke, da kilishi da yake shanyawa a soro lokacin zafi. Ɗan yankin da ake miƙa maka a kan wuƙa kafin ka saya, ɗanɗano ne. In ka kira shi gyara, sai ya janye wuƙar ya ce, "Ɗanɗano a gaba yake, gyara a baya. Ba ka san gaba da baya ba?"

Madina kuwa gari ne da Bahaushe ya shigo ta kowace ƙofa, kowa da sunan da ya taho da shi. Mutanenmu na Sudan su zo su ce a ba su agashe. Kawu ya ce, "A gashe? Ai na gashe. Umarni kake ba ni ko suna kake kira?" Wanda ya zauna a kudancin Najeriya ya ce suya. Kawu ya leƙa hagu ya leƙa dama ya ce, "Ka ga kasko a nan? Ka ga mai? Me na soya?" Da azumi Inna takan aiko da ƙosai da waina a ajiye gefen faifai, sai musu ya tashi tsakanin Kanawa masu cewa waina da mutanen Nijar masu cewa masa. Shi yake yanke hukunci: "In da miya za ka ci, waina ce. In da zuma, masa ce. In babu ko ɗaya, ka ci ka yi shiru." Duk waɗannan da dariya ake gamawa.

Wadda ba a dariya a kanta ita ce siriya. Larabawan Hijaz sun ɗauki tsire, bakinsu ya kasa "tsa", suka mayar da shi siriya. Kawu bai taɓa yafe wannan ba. Wata rana ina wurin wani mai babbar mota ya tsaya, ko fitowa bai yi ba, ya danna ham ya ce, "Ya hajji, kawo siriya goma." Kawu ya ci gaba da fifita wutarsa. Mutumin ya sake danna ham. Kawu ya ce masa da Larabcinsa mai kyau, wanda ya fi na mutumin tsabta, "Ba na sayar da ita."

"To wannan mene ne a gabanka?"

"Sauko in gaya maka."

Ya sauko yana huci. Kawu ya ce, "Ce tsire."

"Sire."

"Tsi. Matse harshenka."

"Tisire."

Kawu ya dube shi ya ce, "Ka yi ƙoƙari. Harshen ne gajere, ba laifinka ba ne." Ya naɗe masa. Mutumin nan ya zama mai zuwa duk Alhamis, kuma tun daga bakin ƙofa yake fara matse harshe.

Ni ma na sha nawa. Na taɓa ce masa, don ina ganin ni wayayye ne, "Kawu, da ka sa allo a saman ƙofa ka rubuta siriya, da ciniki ya ninka." Ya ja tsaki. Daga ranar har sanyi ya wuce, in na yi sallama sai ya amsa wa bango. Mutum ne mai riƙo, ba zan ɓoye ba. Yana da tsaki, yana da baƙar magana, kuma bai iya cewa "yi haƙuri" ba ko ga Inna. Ranar da ya huce, abin da na gani kawai shi ne ƙunshina ya yi nauyi.

Ga maganar nauyin ƙunshi, ga kuma maganar juya baya.

Kowane Bahaushe ya san gyara, ɗan ƙarin da mai sayarwa yake ɗora maka bayan an gama ciniki. A ko'ina gyara ciniki take bi: ka sayi da yawa a ƙara maka da yawa. A wurin Kawu ba haka ba ne. Yakan ce, "Gyarata ba ta kallon hannu, fuska take kallo." In ka ce a ba ka tsinke ɗaya, sai ya ɗago ya dube ka, kallo ɗaya. Sannan ya juya maka baya, ya fuskanci bango inda katakon yankansa yake, ya naɗe a takarda, ya juyo ya miƙa maka. Ba wanda ya san abin da ya shiga takardar sai shi da Allah, sai kai in ka isa ɗakinka ka buɗe. Mai babbar mota ya sayi goma, gyararsa yankan albasa biyu. Mai shara ya sayi ɗaya, ya buɗe ya tarar da abin da zai ci da burodi shi da abokin ɗakinsa su ƙoshi. Kuma dukansu biyu baya aka juya musu, don haka ba wanda zai ce an gane shi mayunwaci ne. Ya saya, an yi masa gyara, ya tafi da girmansa.

Na ci gyarar nan a shekarata ta farko, lokacin da duk abin da na samu gida nake aikawa. Ina zuwa da girman kai in ce, "Kawu, ɗaya ya isa, na ci abinci." Ƙarya nake yi, ya kuma san ƙarya nake yi. Bai taɓa cewa "zo gida ka ci" a gaban mutane ba. Baya kawai yake juya mini. Da Allah ya buɗa, na zo wata rana da sabon agogo ina ta ɗaga hannu, na buɗe ƙunshi na ga tsinkena ɗaya da albasa. Na ce, "Kawu, yau gyara ta rame."

Ya ce, "Kai ka yi ƙiba."

Da ciwo ya kwantar da shi, aka dawo da shi gida daga asibiti don ya ce ba zai mutu a ɗakin da ba ya jin kiran sallar Harami ba. Ranar da zai cika, da hantsi, muna ɗakin ni da Inna da taubashina. Numfashinsa ya yi gajere. Ya laluba hannun ɗansa ya riƙe, ya ce da Hausa, a hankali, "Shagon nan. Kada ka bar gyara."

Taubashina ya sumbaci hannun ya ce, "Abshir, ya buya." Wato ka kwantar da hankalinka, baba, an gama.

Na ji daɗi har na yi masa addu'a a zuciyata. Na ce ashe yaron nan ya san ubansa. Shi ya sa abin da na ji a makoki ya ba ni mamaki, abin da ya biyo baya kuma ya fitar da ni daga hankalina.

Ba a daɗe da tashi daga makoki ba, na sauke maziyarta a Ƙuba na biyo ta shagon da rana. Tun daga nesa na ji ƙarar guduma. Na tarar an fito da faifai da katakon yanka an jingine su a titi. Leburori suna ciki, ƙura ta cika wurin. Tukubar Kawu an fasa ta biyu, duwatsun da suka sha wuta shekaru ba su tsage ba suna zube a ƙasa. An jingine wani gilashi a bango, ga tayil a kwali, ga sabon murhun ƙarfe a leda. Mutumin Maraɗi yana tsugune a gefe ya haɗa kai da gwiwa. Taubashina kuwa yana tsaye a tsakiya, ya naɗe hannun riga, yana nuna wa leburori inda za su buga.

A nan ne laifina. Ban tambaya ba. Ban yi sallama ba ma. Na fizge gudumar daga hannun lebura na yi jifa da ita a titi, Allah ya kiyaye ba ta samu kowa ba. Na juya kan taubashina a gaban leburorinsa da maƙwabta na zazzage masa. Na ce ƙasar kabarin ubansa ba ta bushe ba ya fara share sawunsa. Na ce kunyar hayaƙin da ya raine shi yake ji. Na ce mai gidan abinci ko? Na ce Kawu ya haifi 'ya'ya amma bai bar magaji ba. Wannan ta ƙarshe ita ce har yau in na tuna nake neman gafara, don na ga inda ta shige shi. Rabin zagin da Hausa, rabi da gurguwar Larabcina, don in tabbata ya ji.

Ya tsaya yana kallona. Sannan ya ce da Larabci, "Ya wad ammati, ɗan goggona, me na yi? Kana wurin! Da kunnenka ka ji! Hutu na ɗauka a wurin aiki saboda wannan. Ban yi barcin kirki ba tun da ya rasu." Sai ya juya zuwa Hausa, irin tasu ta waɗanda aka haifa a nan, kalma ɗaya-ɗaya. "Shi ya ce gyara. Kada ka bar gyara. Ga shi ina gyara."

Mutumin Maraɗi ya ɗago kai ya ce, "Inna lillahi."

Gyara ɗaya yaron nan ya sani, ta gyaran mota da gyaran famfo da gyaran gida. Ya ɗauka ubansa, da numfashinsa na ƙarshe, yana roƙonsa ya gyara shago. Kuma ya tashi da ƙarfinsa yana cika wasiyya da guduma.

Na ce, "Gyara. Ƙari. Ziyada. Abin da yake ƙara wa mutane a ƙunshi."

Ya ce, "Wane ƙari?"

Bai sani ba. Wallahi bai sani ba. Mutum ya kai shekara talatin da ɗoriya, duk Harra ta Gabas ta san abin da ubansa yake yi in ya juya baya, ɗansa na cikinsa bai sani ba. Na dubi mutumin Maraɗi na ce, "Kai kuma kana kallo ana fasawa?" Ya ce, "Ban ji wasiyyar ba. Kuma yanzu shi ne kafilina, iƙamata tana hannunsa. In ce masa me?"

Taubashina ya zauna a kan kwalin tayil, ya ɗauki dutse ɗaya daga cikin fasassun ya riƙe. Ya ce, "Me ya sa ba wanda ya gaya mini?"

Sai na tafi da fushina wurin Inna. Tana takaba, na tsaya a bakin ƙofa tana bayan labule. Labari ya riga ni isa. Kafin in buɗe baki ta ce, "Ka gama zagin marayan?"

Na ce, "Inna, ta yaya yaro zai tashi a gidan nan bai san gyara ba?"

Ta ce, "Tambayi kawunka. Shi ya hana su taka shagon. Ya ce 'ya'yansa ba za su je makaranta suna warin hayaƙi a riƙa ce musu Takari ba. Ya tsare Balarabe a titi sai ya ce tsire, ya dawo gida 'ya'yansa su ce wa ƙosaina ɗa'amiyya, ya yi dariya ya ce Larabcinsu ya nuna. Ya yi musu Hausa su amsa da Larabci, ya ce bar su, gobensu ce. Na yi magana har na gaji." Sannan ta ce, "Kai kuma da kake ɗaga murya, tun da ka zo garin nan ka taɓa zama da ɗan'uwanka kun yi hira da Hausa? Ba da shi kake koyon Larabci ba?"

Gaskiya ta faɗa. Shekaru ina amfani da yaran nan kamar allo, ina gwada Larabcina a kansu don in burge maziyarta da 'yan sanda a hanya. Taubashina ne, wanda a Kano da mun yi ta tsokanar juna har tsufa, amma ko sunan wasan bai sani ba, ni kuma ban koya masa ba.

Don haka har yanzu ina fushi, sai dai fushin ya rabu. Ina fushi da kaina. Ina fushi da mu duka da muke zaune a garin nan muna kallo harshenmu yana komawa na tsofaffi da 'yan aiki. Kuma, Allah ya gafarta mini, ina fushi da Kawu. Ka tsare kalma a bakin titi shekara da shekaru, ka bar ƙofar gidanka a buɗe ta fice. Ka ɓoye alherinka har ka ɓoye wa wanda za ka bar wa shi. Da ka ce masa "ziyada" sau ɗaya, Kawu, da tukubarka tana nan. Amma na san ka. Ko mala'ikan mutuwa yana tsaye a kanka ba za ka kira gyara da wani suna ba.

Na je na ba taubashina haƙuri a gaban mutanen da na zage shi a gabansu. Ya ce ya yafe. Tukuba dai ta tafi, ba ta ginuwa yadda take. Aka ƙarasa aikin tunda an riga an fara, aka sa tayil da gilashi da murhun ƙarfe. Duwatsun ya kwashe ya kai soron gidansu, bai yarda a zubar ba. Allo kuma bai sa ba.

Ranar da aka sake buɗewa na je bayan La'asar. Mutumin Maraɗi yana gashi, taubashina ya taso daga ofis ya tsaya a wurin naɗi, ya ɗaura gyale a kan farar rigarsa, wuƙar ubansa tana hannunsa kamar aron ta ya yi. Mutanen ƙarshen lungu ba su zo ba. Gilashin ya kore su, suna wucewa ta ɗaya gefen titi suna leƙe. Sai gab da Magariba tsohon nan mutumin Tawa ya tsallako, ya goge ƙafarsa a bakin ƙofa, ya ce, "Tsinke ɗaya."

Taubashina ya dube ni. Ya ce a hankali, "Nawa zan sa?"

Na ce, "Ba ni za ka kalla ba. Kalle shi."

Ya kalle shi. Ya daɗe yana kallo, fiye da yadda Kawu yake yi, har tsohon ya sunkuyar da kai. Sannan ya shimfiɗa takarda a kan gilashi, ya zare tsinke ɗaya, ya fara ɗora hanta mai riga, ya ɗora balangu, ya ƙara, ya sake ƙarawa, a gaban wasu samari biyu da ke jiran nasu. Ya tura masa yana murmushi ya ce, "Ga giyara, ya ammi."

Tsohon bai taɓa takardar ba. Ya ce, "Ɗan Malam, ni saye na zo yi, ba bara ba." Ya juya zai fita.

Na buɗe baki zan yi magana, na tuna abin da bakina ya jawo, na rufe. Mutumin Maraɗi ne ya ajiye mafici, ya zo ya kama kafaɗun kafilinsa da hannu biyu, ya juya shi ya fuskanci bango.

Taubashina ya tsaya haka, bayansa gare mu. Na ga kafaɗunsa suna motsi. Sannan ya miƙa hannu ta baya ya jawo takardar, muka ji ƙarar wuƙa a kan katako, muka ji ana naɗi. Ya juyo idonsa jawur, ya ce da Hausa, "Baba. Tsirenka." Kuma "tsa" ɗin ta fita.

Tsohon ya dawo ya karɓa. Ya auna ƙunshin a tafin hannunsa, bai buɗe ba. Ya ce, "Allah ya jiƙan Malam," ya sa a aljihu ya fita.

Allah, ga bawanka nan mai tsire yana kwance a maƙwabtan Manzonka, babu suna a kansa. Ka san tsakinsa, Ka san riƙonsa, Ka kuma san abin da yake sawa a takarda in ya juya baya. In an zo auna masa, kada a tsaya a kan abin da ya saya. A yi masa gyara.